Hantar Inna da Bakina

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Wanda bai san al'adarmu ba zai ce ƙiyayya ce, amma kunya ce. Kakanninmu daga Kano suka zo Lafia da fatauci, suka zo da atamfa da turare da wannan kunya ta ɗan fari. Atamfar ta ƙare tuntuni, kunyar tana nan daram. In Inna tana son ruwa, kuma ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ta dubi bango ta ce, "A ba ni ruwa." Bangon gidanmu ya sha aike, ni kuma na sha kai masa ɗauki.

A waje kuwa Inna ba ta da kunyar kowa. Sarin doya take yi a Assakio tana kawowa gari, mace ce mai jiki, mai murya, in ta daka wa direba tsawa sai ya kashe mota ya sauko. Mu bakwai ta haifa. Ƙannena shida tana kiransu da suna, tana zaginsu da suna, ni kuwa ko zagi sai dai a ce "waccan".

Shekarar da zan ba da labarinta ina da ashirin da bakwai, ina aure a Akurba, ina koyarwa a firamare, da 'ya'ya biyu da ciki na uku. Wata Asabar da hantsi, cikin damina, na shiga gida don in karɓi riɗi. Baba ya tafi Kano sari, yara duk suna Islamiyya. Na yi sallama sau biyu shiru. Sai na same ta zaune a ƙofar banɗaki, ta jingina da bokiti, zaninta jiƙe da jini har ƙasa. Ta ɗago ta gan ni, ta leƙa bayana.

"Babu wani ne?" ta ce.

Na ce babu.

Ta ce, "To."

Na tare keke mai ƙafa uku. A ciki ta gaya wa mai keken, ba ni ba, asibitin da za a kai ta, wani ƙaramin asibitin kuɗi can bayan gari inda ba mu san kowa ba. Da muka isa nas ta fito da takarda ta ce, "Cikin wata nawa?" Na ce biyar, don na ɗauka da ni take. Inna ta dubi silin ta ce, "Huɗu."

A nan na gane. Mace mai shekara arba'in da biyar, mai jikoki biyu, ga 'yarta ta fari da ciki, ita ma ga nata. Ba haram ba ne, ba laifi ba ne, mijinta ne na sunna. Amma na san matan unguwarmu. Da sun shekara suna yi mata waƙa a gidan suna, su ce uwa da 'ya za su yi rabon zanin goyo. Shi ya sa ta ɓoye shi cikin ƙibarta, ko Baba ba ta gaya wa ba, tana jiran ranar da ɓoyon zai gagara. Ranar ba ta zo ba, cikin ya zube.

Suka ce sai an yi wankin ciki. Ta tagar ɗakin na hango wani mutum yana tsiyaya magani daga ƙaramar kwalba mai ruwan ƙasa da jan tambari cikin wata na'ura, kamar mai zuba wa janareto fetur. Aka kifa mata baƙar roba a hanci. Tana cikin cewa abin ƙamshi gare shi sai muryar ta ɗauke. Bayan an gama, nas ɗin ta same ni a baranda ta ce, "Namiji ne, Allah ya ba da haƙuri." Na ce amin. Kafin la'asar muna gida, ta wanke zaninta da hannunta ta shanya a bayan ɗaki. Ba ta ce kar in faɗa wa kowa ba, don in ta ce haka ai ta yi mini magana ke nan.

Kwana tara bayan nan zazzaɓi ya kwantar da ita, da amai, ko ƙamshin miya ba ta so. Idonta ya koma kamar gwaiduwar ƙwai, fitsarinta kamar shayi marar madara. Lokacin Baba ya dawo. Goggo, yayarsa, wadda ba a ciwo a danginmu sai da izininta, ta zo ta gwale idon ta ce shawara ce. Ta hana mai, ta hana nama, ta kawo rake dami guda da saiwar rawaya. Mako uku Inna tana shan rake kamar an ba ta kwangila. Ta warke. Goggo ta karɓi yabo daga kowa, ba ta bar wa Allah ma sosai ba.

Ni ban haɗa wannan da wancan ba. Wa zai haɗa? Shawara a damina ai kamar mura ce a wurinmu.

Wata biyu da 'yan kwanaki bayan ɓarin, ranar kasuwar Assakio, Inna ta hau bayan a-kori-kura don ta nuna wa masu lodi yadda ake jera doya, tunda a ganinta duk ƙasar nan babu wanda ya iya. Ƙafarta ta zame. Ta faɗo, ƙashin ƙwauri ya karye har ya huda fata. An fara kai ta wurin mai ɗori, shi kuwa bawan Allah yana gani ya ce wannan ba tasa ba ce, a wuce asibiti. Aka kawo ta babban asibiti a gari, aka wanke ciwon, aka ce gobe da safe za a shiga da ita tiyata a sa ƙarfe.

Bayan azahar muna ɗakin mata, ni da Baba da Goggo, ga marasa lafiya bakwai da masu jinyarsu duk kunne a buɗe, sai ga wani dattijo ya shigo da koren kaya da silifas. Gajere ne, ɗan Eggon, furfura a gemu, biro a bayan kunne. Ya ce shi ne mai sa barci. Hausarsa irin ta Lafia ce, mace da namiji duk "ka" ne, babu wanda ya damu.

"Mama, an taɓa sa ka barci a asibiti?"

A gidanmu marar lafiya ba ya amsa tambayar likita in maigida yana tsaye. Baba ya gyara babbar riga ya ce, "Ba a taɓa ba. Haihuwa bakwai duk a gida. Wannan ko allura ba ta sani ba."

Mutumin ya dubi Inna. Inna tana nazarin bango. Ya rubuta.

Ya tambayi ciwon suga, hawan jini, asma. Da ya zo kan shawara Goggo ta karɓe, ta ce an yi an gama, ita ta yi maganinta. Ya ce to, an ɗebi jini, sakamakon bai nuna wani abin tsoro ba. Sannan ya ce tunda ƙafa ce, ya fi son ya yi mata allura a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, tana farke a yi aiki.

Nan Inna ta sami baki. Ta ce wallahi ba a taɓa mata baya. Akwai wata mai sayar da manja da aka yi wa allurar baya wurin haihuwa, yau shekara shida a zaune take salla. Ita a sa ta barci, in ta farka ta farka. Baba ya ce yadda ta ce haka za a yi. Dattijon ya ɗaga kafaɗa ya ce to, za a shaƙa mata, Baba ya sa hannu a takarda.

Ban san komai game da maganin barci ba. Abin da na sani kawai, an yi wa likita ƙarya ina tsaye, kuma ni malamar makaranta ce, ina dukan yara a kan ƙasa da haka. Na bi shi da tulelen cikina har gindin wata bishiyar dogon yaro a harabar asibitin.

"Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. Misali, wata mata ce."

Ya cire biron daga kunne ya ce, "Wata mata. To."

Na gaya masa wata mata an shaƙa mata magani wata biyu da suka wuce, daga kwalba mai jan tambari, bayan kwana tara ta yi zazzaɓi da shawara. Ya tambaye ni wane asibiti, na faɗa. Ya ce ya san abin da suke amfani da shi, shi ne dai irin wanda yake cikin na'urarsa a yanzu, wani tsohon magani da ake kira halotan. Ya zauna a kan benci ya nuna mini gefe.

Ya ce iskar da ake shaƙa wa mutum yawancinta ta huhu take fita, yadda ta shiga. Amma wannan maganin wani kasonsa sai ya bi ta hanta, don hanta ita ce mai wanke-wanken jiki, duk abin da ya shiga sai ya ratsa hannunta. Tana cikin sarrafa shi sai ɓurɓushinsa ya manne a jikin ƙwayoyinta. Ga yawancin mutane wannan ba komai ba ne, su tashi su tafi gida. Amma akwai 'yan kaɗan da sojojin jininsu, masu kashe cuta, in suka ga ƙwayar hanta da baƙon abu a jikinta sai su ɗauka abokiyar gaba ce, su far mata.

"Ka san 'yan banga?" ya ce. "Ɗan unguwa ya dawo da rigar wani, ba su gane shi ba, suka mare shi. Wannan karo na farko ne, shi ne shawaran da ka gani. Karo na biyu sun riga sun san rigar, sun tara sanduna suna jira. Ba mari za su yi ba."

Ya ce abin ya fi samun mace mai jiki, mai irin waɗannan shekarun, musamman in an maimaita kusa da kusa. In hantar ta tafi, a garin nan babu abin da za a yi sai addu'a. Na tambaye shi ko ya tabbata maganin ne. Ya ce bai tabbata ba, shawara hanyoyinta da yawa. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

"Wannan wata mata," ya ce, "ƙafarsa ya karye?"

Na ce ta karye.

Ya ce ba zai shaƙa mata ba, ko gwamna ne ya sa hannu. Kuma ba zai faɗi dalili a gaban mutane ba, sirrin marar lafiya ba nasa ba ne.

Na koma ɗaki. Baba da Goggo sun fita sallar la'asar. Na zauna a gefen gadon, na rasa ta inda zan fara, don ban taɓa fara magana da ita ba a rayuwata. Sai ni ma na dubi bango. Na gaya wa bangon cewa maganin wancan asibitin shi ne ake zargin ya kawo shawara, in aka sake shaƙa shi hanta tana iya lalacewa, mutum ya mutu.

Inna ta ce wa bangon, "Kwana in ya ƙare ya ƙare. A gaya wa mutane su riƙe bakinsu."

Haushi ya kama ni. Mace tana da 'ya'ya bakwai, autanta ko firamare bai gama ba, ta zaɓi kabari a kan dariyar matan unguwa! Na so in girgiza ta. Amma ba a girgiza uwa, balle mai karaya.

Da su Baba suka dawo, mai sa barci ya zo ya ce ya sake shawara, allurar baya zai yi ko ba komai. Baba ya tambayi dalili, ya ce dalilin aiki ne. Baba mutum ne mai haƙuri, amma ba ya son a mayar da shi yaro a gaban mata. Ya ce ɗazu an ce to, yanzu an ce a'a, asibiti ne ko kasuwar 'yan gwanjo? Goggo ta ce ai ba nan kaɗai ake tiyata ba, akwai wani ƙaramin asibiti bayan gari, maƙwabciyarta can aka sa ta barci lafiya lau, ba sa yawan tambaya. Ta faɗi sunansa. Shi ne dai wanda muka je. Baba ya zaro waya ya fara neman lambar direba.

Na dubi dattijon, yana duban takardarsa. Na dubi Inna, ta rufe ido. Wayar tana ƙara a kunnen Baba, ina jin ta daga inda nake.

"Baba," na ce, "an taɓa sa ta barci."

Ya sauke wayar. "Yaushe?"

"Lokacin kana Kano. Kafin shawarar."

"Barcin me?"

Har matar gadon ƙarshe da ke nishi tun safe ta dakata. Na ce, "Ɓari ta yi. Ni na kai ta."

Goggo ta dafe ƙirji ta yi salati. Ta ce, "Ke! 'Yar fari? A gaban ubanki? Wace irin marar kunya aka haifa mana?" Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Ni kuwa na ci gaba, tunda wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. Na faɗi kwalbar, na faɗi hantar, har 'yan bangan na faɗa. Dattijon ya ce haka ne.

Baba ya zauna a kan kujerar roba. Ya cire hularsa ya daɗe yana duba cikinta. Sannan ya yi tambaya, ba ni ya duba ba, ba ita ba, ƙarfen da aka rataya ledar ruwa ya duba.

"Namiji ne ko mace?"

Na jira Inna ta amsa. Sai na ce, "Namiji."

Mayafin ya fara motsi a hankali. A lokacin na tuna nas ɗin ni kaɗai ta gaya wa, a baranda, Inna tana barci. Wata biyu ina ɗauke da abin da ita kanta ba ta sani ba, kuma a gaban Goggo da baƙi fiye da goma ta fara jin sa. Wannan har yau in na tuna sai zuciyata ta yi ciwo. Da na ce ban sani ba, da babu abin da ya ragu.

Baba ya mayar da hula ya ce wa mayafin, a hankali, "A yi ta bayan." Mayafin bai yi musu ba. Baba ya karɓi biro ya sa hannu a sabuwar takarda.

Washegari aka yi aiki. Tana farke, tana jin ƙarar guduma, an ce har ta tambayi likitan ƙashi ko mutanen garinsu suna noman doya. Idonta bai sake canza launi ba. Bayanta ƙalau, yau in ta yi ruku'u sai ka ɗora tire a kai. Ranar sallama mai sa barci ya ba da ɗan kati da ya rubuta da jan biro, cewa kada a sake shaƙa wa matar nan halotan. Ya miƙa wa Inna, ba ta karɓa ba. Ya miƙa wa Baba, Baba ya nuna ni.

Labari kuwa kafin mu iso gida ya riga mu, Goggo ba ta da laifi, ita dai ta gaya wa mutum uku ne kawai. An yi dariyar da Inna ta ji tsoro, ba a yi ta da yawa ba, don wanda ya rasa ɗa ba a cika masa dariya. Amma wata huɗu ko bango ba ta yi wa magana in ina wurin. Da na haihu, namiji, ta zo da sandarta ta karɓe shi, ta riƙe shi fiye da yadda kaka take riƙe jariri, ta ajiye ta tafi. Kuma tunda dattijon da kansa ya ce bai tabbata ba, na yi shekaru ina tambayar kaina ko a banza na tona wa uwata asiri. Babu gwajin da zai ba ni amsa sai wanda na hana a yi.

Bara aka ce za a yi mata aikin mahaifa. Yanzu ƙanwata ta uku nas ce, ƙanena yana da mota, duk suka shirya rakiya. Inna ta zauna a bakin gado da jakarta ta ce ba ta tashi.

"A kira waccan."

Ƙanwata ta ce, "Wace?"

"Marar kunyar."

Na zo daga Akurba da katin, ya yi laushi, jan biron ya koɗe. Likitan kuwa yaro ne, sa'an ƙanena. Ya karanta ya yi murmushi, ya ce wannan maganin sun daina amfani da shi, amma zai rubuta a fayil. Ya ci gaba da tambayoyinsa, Inna tana nuna ni da haɓa, ina amsawa. Sai ya ce, "Mama, ciki nawa kika yi gaba ɗaya?"

Na buɗe baki zan ce bakwai, yadda ake faɗa a gidanmu kullum. Inna ta juyo. Ba bango ta duba ba, ni ta duba, cikin ido.

"Gaya masa," ta ce. "Har da shi."

Na ce takwas. Likita ya rubuta takwas.